Wankin Turame a Talasheri

Ruwan damina ya kwana tara bai ɗauke ba
a Talasheri, bakin teku,
inda masoro ke hawan bishiya kamar yaro marar ji.
Tun da hannun kakata Kunjimalu ya fara rawa
shagon magungunanta ke garƙame.
Yau ta ciro mabuɗi daga bakin zane,
ta ce: Tulasi, je ki gaishe su,
sun daɗe ba su ga mutum ba.

Na buɗe. Warin danshi ya tare ni a ƙofa.
Ga su jere a kan kanta,
kowa da irin cutar da zama ya sa masa.

Na tagulla ya yi kore har wuya.
Kaka na kan kujera a bakin ƙofa, tana kallo.
Kar ki kankare shi da wuƙa, in ji ta,
tagulla ba ta manta rauni.
Jiƙa tsamiya, zuba gishiri, ƙara toka,
ki murza da ɓawon kwakwa
har ya nuna miki fuskarki.
Na murza har yatsuna suka yi yami.
Fuskar da ya nuna mini
doguwa ce, karkatacciya, ta fi kama da tata.

Na itace kuwa, hunhuna ta yi masa furfura.
Na ɗauko sabulu.
Sai na ji sanda ta bugi ƙasa.
Ajiye!
Itace maƙoshi ne da shi,
abin da ya sha yau, shi zai amayar wa mai tari gobe.
Tsumma busasshe, sannan inuwa, ban da rana,
sannan man kwakwa kaɗan, kamar za ki shafa wa jinjiri.
Na kai hanci cikinsa:
citta, kanumfari, kirfa,
da wani ɗaci can ƙasa da ban san sunansa ba.
Ta ce saiwar da ta daka wa kakana ce
a shekarar da saiwa ba ta yi aiki ba.
Ba ta ƙara ba. Ni ma ban tambaya ba.

Na tangaran bai ba ni wahala ba,
ruwan ɗumi kawai.
Amma tsagar da ke gefensa ta riƙe kurkum
rawaya, siririya kamar zare,
ta ƙi fita, na ƙyale ta.

Sai babba, dutsen niƙa,
wanda maza huɗu suka shigo da shi kafin a haifi uwata.
Shi ba a wanke shi, ciyar da shi ake.
Tafin shinkafa ɗanya, a niƙa, a zubar.
Ta farko ta fito baƙa,
ta biyu ruwan toka,
sai a ta biyar ta fito fara.
Ina niƙa ina jin ɗan dutsen na zamewa hagu,
ina dawo da shi yana komawa.
Kaka ta yi dariya har da tari:
Ai ni bahaguwa ce.
Shekara arba'in da shida ina koya masa hanya,
ke za ki sake masa a yini guda?

A jakata akwai injin da na sayo a Bangalor,
ƙarfe da roba, da takardar garanti.
Buroshi ɗaya ya ishe shi, minti biyu.
Na jona shi, wuta ta ɗauke.

Muka zauna cikin duhu, ruwa na dukan rufi.
Wani masunci ya leƙo, jiƙe sharkaf,
yana riƙe da ƙirji, yana tambayar ko an buɗe.
Na dubi kaka.
Ta nuna mini gwangwanin masoro da haɓa.
Na koma gaban dutsen,
na sauya hannu.